Tarihin Hazo, Baƙon Da Ke Biyo Mu Kurmi

Jama'a, duk wanda ya yi shekara biyu ko uku yana zaune a nan Kudu ya san zolayar da maƙwabtanmu kan yi mana da zarar watan Disamba ya kama. Ranar da gari ya waye fari fat, rana ta fito ja wur kamar faifan jan ƙarfe, leɓe ya soma tsagewa, to sai ka ji ana cewa wai mun aiko a kawo mana kayanmu daga gida. Yarabawa oye suke kiransa, Ibo su ce uguru. Mu kuwa da yake mun fi su daɗewa da shi, kowane ɓangare nasa da sunan da muka ba shi: lokacin shi ne hunturu, sanyin shi ne ɗari, farin nan da ke rufe sama shi ne hazo, in kuwa ƙurar ta yi kauri har tana sauka a gira da gemu, sai mu ce buji.

Mukan yi dariya mu wuce. Amma in za a bi gaskiya, wannan ƙura ba ta Kano ba ce, ba kuma ta Sakkwato ba ce. Can gida ma baƙuwa ce, wucewa take yi. Abin da ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi tarihinta shi ne, watannin da take zuwa su ne watannin tafiya da karɓar baƙi a ƙasar nan tun zamanin fatake, kuma irin ɓarnar da take yi wa matafiya da marasa ƙarfi ta sha hawa da sauka gwargwadon shirin da mutane suka yi mata, da kuma abin da suka zuba a cikinta da hannunsu.

Mafi yawan ƙurar daga arewacin Chadi take tasowa, daga wani ƙaton kwari da ake kira Bodele, kusa da garin Faya. Tsakaninsa da Kano ya fi kilomita 1,000. Wajen shekara 7,000 da suka wuce wurin nan ƙasan tafki ne. A wancan zamani Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, wato ya ɗara kashi ɗaya cikin uku na Nijeriya baki ɗaya. Cikin ruwan akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka waɗanda ido ba ya gani, masu ɓawo mai kama da gilashi. Suna mutuwa suna kwantawa a ƙasa shekara da shekaru, har ruwan ya janye ya bar farar ƙasa mai laushi, marar nauyi, kamar alli. To ga kuma duwatsun Tibesti a gefe guda, ga na Ennedi a ɗaya gefen, sun bar wata kafa a tsakani. Iskar arewa maso gabas in ta shiga kafar nan sai ta matse ta ƙara gudu, kamar yadda ruwa kan yi in ya shiga indararo, ta faɗa kan farar ƙasar ta kwashe ta. Ana samun irin wannan guguwa a Bodele wajen kwana 100 a shekara, an kuma ƙiyasta cewa a ranar da ta taso cikin hunturu takan ɗebi kimanin tan 700,000. Kwana ɗaya ko biyu ta iso ƙasar Hausa, 'yan kwanaki kaɗan ta gangaro mana bakin teku, wata ma ta haye Tekun Atilantika har dajin Amazon. Ka ji abin da ke sauka kan tirenka na goro, ya kai mai karatu: ragowar tsohon tafki.

Wasu daga cikin Turawan da suka yi rubutu a kan wannan iska yabonta suka yi. A 1781 ƙungiyar masana ta Landan ta buga bayanin da wani likitan Libaful mai suna Matthew Dobson ya gabatar mata a kanta, daga labarin da ya samu wurin Robert Norris, wani ɗan kasuwar bayi da ya daɗe yana zirga-zirga a gaɓar Afirka ta Yamma. Sun bayyana hazon da bushewar daidai yadda muka san su, katako na tsagewa, bangon littafi na lanƙwashewa, fata na saɓulewa. Sa'an nan suka ce iska ce mai kawo lafiya, wai tana korar zazzaɓi, har tana tsayar da agana. Daga baya Turawan bakin teku suka riƙa kiranta "Likita". Suna da hujjarsu. Mutumin da ya shekara cikin gumi da sauro a Ikko ko Gwalkwas, in busasshiyar iska mai sanyi ta zo sauro ya ragu, ai dole ya ce ya ga likita. Sai dai wutsiyar iskar suke gani. Da a Katsina ko Damagaram suka zauna, da wata magana suka rubuta.

Akwai kuma Charles Darwin. A Janairun 1832 jirgin ruwan da yake ciki, Beagle, ya iso tsibiran Cape Verde cikin hazo, ya tattara ƙurar da ta sauka a jirgin, daga baya ya aika da ita tare da wadda wasu suka tara zuwa ga wani masani a Jamus, Ehrenberg. Da aka duba ta a madubin ƙara girma sai aka tarar da ɓawon ƙananan halittu iri-iri, kusan dukkansu na ruwan daɗi. Halittun tafki a tsakiyar ruwan gishiri! Sai da aka san labarin tafkunan da suka ƙafe a Sahara wannan abu ya daina ɗaure kai.

Kakanninmu ba su rubuta wa kowace ƙungiya takarda ba, amma sun tsara rayuwarsu a kan wannan lokaci. Ayarin fatake mai zuwa Gwanja sayen goro ba ya tashi da damina. Sai an gama kaka, koguna sun ja baya, hanya ta bushe, sa'an nan madugu ya ba da umarni. Ke nan cikin ɗari da buji ake tafiyar. Rawani da amawalin da ake ja a rufe hanci da baki ba ado kaɗai ba ne, haka man kaɗanyar da ake shafawa saboda kaushi da faso. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro da shanu suka koma bin dogo, zangonni suka bunƙasa a Kurmi, aka kafa Sabo ta Badun a 1916, amma kalandar ba ta sake ba. Har gobe da an kai amfanin gona rumbu 'yan cirani ke gangarowa, kuma a watannin nan ne mu mazauna muka fi zuwa ganin gida, da biki, da kai amarya. Hazo da ɗan cirani kusan mota ɗaya suke shigowa, shi ya sa zolayar maƙwabta ta sami wurin zama.

Da aka shiga zamanin yawon buɗe ido, shi ma sai ya faɗa cikin waɗannan watanni, don babu yadda za a yi. Babban hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna ya zo cikin ziyararta ta Janairu zuwa Fabrairu 1956. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wajen Fabrairu ko Maris ake yin sa, lokacin da ruwan Matan Fada ya ja. Gandun dajin Yankari a Disambar 1962 aka buɗe shi ga masu ziyara, kuma duk mai son ganin giwa ya san da rani ake zuwa, sa'ad da ciyawa ta bushe namun daji suka taru a bakin kogin Gaji. Bikin FESTAC daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977 aka yi shi. Bikin titi na Kalaba da gwamna Donald Duke ya fara a 2004, wanda 'yan uwanmu na Bogobiri suka san cinikin da yake kawowa, na Disamba ne. Haka cikowar da 'yan ƙasa mazauna Turai da Amurka kan yi wa Legas a ƙarshen shekara. Dalili ɗaya ne: babu ruwan sama, babu laka, zafi ya yi sauƙi, su kuma Turawa suna gudun sanyin ƙasarsu. Wato hunturun da ke jawo baƙo shi ne kuma ke tare masa hanya.

Ta sama ya fi tare ta. Jiragen sama na farko da suka sauka Kano, guda 3 na sojan Ingila da suka taso daga Masar, ranar 1 ga Nuwamba 1925 suka iso. Tun daga nan matuƙa suka gane cewa a wannan yanki abin tsoro ba hadari kaɗai ba ne. Matuƙi zai iya kewaye hadari, amma hazo shimfiɗe yake ɗaruruwan kilomita, kuma yakan yi kwanaki bai ɗaga ba. Dattawanmu ba za su manta da 22 ga Janairu 1973 ba. Jirgi ƙirar Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda kamfanin jiragen Nijeriya ya yi haya, ya ɗebo alhazai daga Jidda zai kai su Legas. Yanayi ya ɓaci a Legas, aka karkatar da shi Kano. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi, ya kama da wuta. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. A lokacin duniya ba ta taɓa ganin hatsarin jirgin sama mai yawan mamata irin wannan ba. Ba za a ɗora wa yanayi laifin duka ba, don an yi ta jayayya a kan tuƙin da kuma titin saukar, amma da sama ta buɗe a Legas ran nan, da jirgin bai nufi Kano ba.

Maganin wannan matsala sananne ne tuntuni. Akwai na'urar da ake kafawa a filin jirgi mai jagorantar matuƙi da saƙon rediyo har ya taka ƙasa, kuma hawa-hawa ce. Da mai ƙaramin daraja, sai matuƙi na iya hangen wajen mita 800 kafin a bar shi ya sauka. Da mai daraja ta uku kuwa, jirgi na sauka a Landan cikin hazon da ko fiffikensa ba a gani sosai. Shekaru da dama filayenmu ba su da wannan ta ukun. Shi ya sa a ƙarshen Disambar 2016 aka yi kwanaki jiragen cikin gida na zaune a ƙasa, fasinja sun cika filayen Legas da Abuja, masu zuwa hutu da masu zuwa biki kowa ya yi cirko-cirko. Abin da ya fi ba da kunya shi ne na Fabrairun 2020. An riga an kafa sabuwar na'urar a Legas, amma ba a kammala daidaita ta ba, sai ga hazo mai kauri. Manyan jiragen ƙasashen waje, har da na British Airways da Emirates, suka riƙa wucewa suna sauke fasinjan Legas a Akra, mutane suka yi kwanaki a can suna neman yadda za su ƙaraso. Ƙurar da ta rufe Legas ba ta tsallake Ghana ba. Bambancin na shiri ne.

Baƙon da ya biya kuɗin masauki na kwana biyar ya cinye biyu a filin jirgi, ko ya hau tsaunin Obudu don ya hangi ƙasa ya tarar ko ƙauyen da ke gindin dutsen ba ya gani, da wuya ya dawo, da wuya kuma ya turo wani. Asarar ba ta tsaya kan masu otal ba. Tana kaiwa ga mai canji, da mai sayar da jakar fata da tsakiya a ƙofar otal, da mai tsire, da mai tasi, kuma mun san su wane ne da yawa daga cikin waɗannan. Duk da haka kada mu cika baki. Abin da ya kashe yawon buɗe ido a Arewa rashin tsaro ne, shi ya sa aka yi wajen shekara 10 ba a yi bikin Argungu ba sai a Maris 2020. Hazo jinkirta baƙo yake yi, tsoro ne ke hana shi tasowa.

Mu dawo kan lafiya, inda maganar ta fi nauyi. Mura, da tari, da haɓo, da jan ido, da tashin asma, waɗannan kowa ya san su, har mun ɗauke su kamar harajin shekara. Babban abokin tafiyar hunturu shi ne sanƙarau. Annobarsa ta farko da aka rubuta a Arewacin Nijeriya a 1905 ce, daga nan ya riƙa dawowa bayan 'yan shekaru. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana taswirar inda cutar ke yin annoba, sai ga ta ta fito kamar ɗamara a ƙugun Afirka. A yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikinta, daga Senegal zuwa Habasha, kuma ƙasar Hausa na tsakiya. Cutar kan fara da shigowar hunturu, ta yi ƙamari cikin zafin Maris da Afrilu, ruwan farko na sauka ta ɗauke kamar an yi mata tsawa.

Me ya haɗa ta da ƙura? Likitocin da suka yi aiki a asibitin koyarwa na Zariya a shekarun 1970, cikinsu har da Brian Greenwood, sun taimaka ƙwarai wajen warware wannan. Ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa masu lafiya, damina da rani, ba ta yi musu kome. Abin da rani ke canjawa shi ne jikin mutum. Busasshiyar iska da ƙura kan busar da fatar cikin hanci da maƙogwaro su raunana ta, sai ƙwayar ta sami hanyar shiga jini, daga nan ta kai ga rigar ƙwaƙwalwa. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙara da yadda muke kwana in ɗari ya matsa, mutum goma a ɗaki, an toshe taga, kowa na tari a fuskar ɗan uwansa. Wannan ya shafe mu kai tsaye ko da yake Kurmi na wajen ɗamarar, don duk mun san yadda ɗakunan baƙi ke cika a zango in 'yan cirani sun sauka, mun kuma san a wane lokaci muke tura yara gida.

Shekarar 1996 ita ce mafi muni. Daga Janairu zuwa Yuni an lissafa mutum 109,580 da suka kamu a Nijeriya, 11,717 suka rasu, ban da waɗanda suka mutu a ƙauyuka ba a rubuta ba, ban da kuma yaran da suka tashi kurame ko da taɓuwar ƙwaƙwalwa. A Kano ga sanƙarau, ga baƙon dauro, ga amai da gudawa, duk lokaci guda. A faɗin Afirka annobar 1996 zuwa 1997 ta kama fiye da mutum 250,000, ta kashe wajen 25,000. A nan ne lafiya da tafiya suka haɗu wuri ɗaya, don a wannan shekara Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya shiga aikin Hajji saboda annobar. Wanda ya tara kuɗinsa a Agege ko Shagamu, inda cutar ba ta yi ƙarfi ba, shi ma haka ya kwance jakarsa. Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya: a cikin annobar ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara wajen 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ne ba. Shari'a ta ja har 2009, aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Raunin da wannan ya yi wa amincewar jama'a da allura ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

Amma labarin sanƙarau yana da ɓangare mai daɗi, kuma shi ne hujjarmu mafi ƙarfi. Bayan 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka haɗa kai da wani kamfanin Indiya, Serum Institute, aka ƙera allura musamman don wannan yanki, MenAfriVac, a kan kuɗin da bai kai rabin dala ba. Aka fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disambar 2010, a Nijeriya a ƙarshen 2011, ga duk mai shekara 1 zuwa 29. Nau'in cutar da ake kira A, wanda shi ne ya yi kisan 1996, ya kusa ɓacewa ƙaf. Iskar Bodele ba ta fasa busawa ba, hanci bai fasa bushewa ba, amma annobar A ta tsaya. Sai dai cutar tana da 'yan uwa. Nau'in C ya ɓarke daga Zamfara a ƙarshen 2016, ya kama fiye da mutum 14,000, ya kashe fiye da 1,100 kafin damina ta 2017. A Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura, Men5CV, mai tare nau'i 5 a lokaci guda.

Ita ƙurar kanta takan ƙaru takan ragu. Wani masanin Jami'ar Miami, Joseph Prospero, ya fara auna ƙurar Afirka da ke isa tsibirin Barbados a 1965. Da aka shiga farin shekarun 1970 da na 1980, wanda ya ƙarar da dabbobi ya koro dubban mutane Kudu, sai ya ga a farkon shekarun 1980 ta ninka ta shekarun 1960 wajen sau 4. A wannan tsakani ne Tafkin Chadi ya sauko daga murabba'in kilomita 25,000 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka. Tsofaffin da ke cewa hazon bayan fari ya fi na ƙuruciyarsu kauri ba ruɗewa suka yi ba. A 2020 kuma masu bincike na Jami'ar Stanford suka gwama yawan ƙurar da ke tashi daga Bodele kowace shekara da bayanan haihuwa kusan miliyan 1 a Afirka, suka ga shekarar da ƙura ta yi yawa jarirai sun fi mutuwa kafin su cika shekara. Har suka kawo shawarar a riƙa jiƙa kwarin da ruwan ƙasa ta hanyar famfo mai aiki da hasken rana. Ko wannan zai yiwu, Allah masani. Abin lura dai shi ne, mai gemu kan ja amawali ya wuce, jinjirin da ke goye shi ke biyan kuɗin.

To duk wannan ƙurar Allah ce. Saura wadda muka ƙara. A da hazon da ke isowa Kurmi farar ƙasa ce zalla, da ɗan hayaƙin ƙunar daji. Yanzu yana tarar da birane masu miliyoyin mutane, da tsofaffin motoci, da janareto a kowane shago, da juji na cin wuta. Da damina ruwa na wanke sama kusan kullum. Da hunturu babu mai wankewa, sa'an nan da dare iska mai sanyi kan kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar murfin tukunya, hayaƙi ya rasa hanyar tashi har sai rana ta ɗaga. Shi ya sa warin safiyar Janairu a Legas daban yake. Abin da likitoci suka fi tsoro shi ne ƙananan ƙwayoyin da kaurinsu bai kai kashi ɗaya cikin 30 na silin gashi ba, don su hanci ba ya tace su, har can cikin huhu suke shiga, wasu su wuce cikin jini, su jawo ciwon haƙarƙari ga yara, ciwon zuciya da shanyewar jiki ga manya.

Bankin Duniya ya fitar da rahoto a 2020 cewa a shekarar 2018 gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutum wajen 11,200 a Legas kaɗai, kashi 60 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma yawan waɗannan ƙananan ƙwayoyi ya kusa ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na lokacin sau 7. A jerin da hukumar ta fitar a 2016, Anacha ce ta zo ta ɗaya a duniya wajen yawan ƙura mai ɗan kauri, da ninki kusan 30, ga Aba da Umuahia da Kaduna duk cikin ashirin na farko. A shekarar ce kuma wata ƙungiyar Suwizalan, Public Eye, ta tona yadda 'yan kasuwar Turai ke sayar wa Afirka ta Yamma man dizal mai yawan farar wuta, don dokar Nijeriya ta lokacin ta yarda da ninki 300 na abin da Turai ta yarda da shi.

Mutanenmu na Fatakwal sun ga ƙarshen abin. Garin da ake yi wa kirari da birnin lambuna, mai cike da baƙi da manyan otal saboda harkar mai, daga ƙarshen 2016 sai ya fara wayar gari cikin baƙin toka. Ka share daɓe da dare, da safe tafin ƙafar yaro baƙi ƙirin. Ka shanya farar riga ka ɗauko ta ruwan toka. Ka fyace majina ka ga gawayi. Asalinsa haramtattun matatun mai na cikin fadama, waɗanda ake kira kpofire, da ƙona su da jami'an tsaro kan yi in sun kama, da wutar iskar gas ta kamfanoni, da ƙona taya. Kuma da rani ya fi tsanani, saboda murfin nan da muka ambata. Gwamnatin jihar ta kafa kwamiti a Fabrairun 2017, jama'a suka yi zanga-zanga a Afrilun 2018, a Janairun 2022 gwamna Nyesom Wike ya sa aka bi matatun ana rushewa. A can an sami hazo iri biyu a sama ɗaya, fari daga Chadi, baƙi daga bayan gari.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa. In muka duba sana'o'inmu za mu ga muna cikin masu shaƙa, muna kuma cikin masu hurawa. Mai gadi da ke kwana waje, da ɗan acaɓa, da mai tura baro, da mai shayi, da mai faci a bakin titi, babu wanda ya kai su shan wannan iska a duk garin. A ɗaya gefen kuma, a kwata da yawa da tsohuwar taya ake babbakar fata da kai da ƙafa, hayaƙin ya turnuƙe unguwa, yaran mahauta na tsaye a kansa tun asuba. Mai gadin ma in ɗari ya ishe shi, abin da ya samu yake hurawa, ko roba ko leda. Akwai kuma kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, da janareton da ake ajiyewa a baranda kusa da taga, waɗanda hayaƙinsu marar wari kan kashe mutanen ɗaki cikin barci.

Amawali da gyale suna tare ƙura mai kauri, amma ƙananan ƙwayoyin nan ratsa yadi suke yi. Takunkumi mai matse fuska irin na ma'aikatan asibiti, wanda muka saba gani tun zamanin korona a 2020, shi ke tare mafi yawansu. Hazo kuma ba ya zuwa ba sallama. Tun a shekarun 1940 masu duba yanayi a Nijeriya suka lura cewa in an ba da rahoton guguwa a Faya, to a jira ta a Kano. Yanzu tauraron ɗan Adam na ganin tashinta ƙarara, hukumar NiMet kuma takan fitar da gargaɗi kafin ta iso, tana ambaton matuƙa jirgi da direbobi da masu asma. Matuƙin jirgi dai saƙon na isa gare shi a kan lokaci. Uwa mai jinjiri a Sabo ko Idi-Araba ko Ama Hausa, galibi sai ta buɗe ƙofa da safe take ganin abin da aka sani tun shekaranjiya.